Ƙarfe Mai Juyi da Kifin Ruwan Sanyi

Tirawut kifi ne na ruwan sanyi mai gudu, ɗan uwan kifin salmon. Ya fi sakewa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salsiyas. Da zarar zafin ya haura 20 sai ya fara galabaita, in ya doshi 25 kuwa yawancinsu ba sa kai labari. Dalilin shi ne numfashi. Ruwa mai digiri 10 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 11 a kowace lita, mai digiri 30 kuma bai kai 8 ba, alhali tirawut kifi ne mai yawan buƙatar iskar. Shi ya sa ba a samunsa a gulaben ƙasar Hausa, inda tarwaɗa ke iya wuni cikin taɓo tana leƙo kai tana shaƙar iska abinta.

Iri biyu ne suka fi shahara. Mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da duwatsun Atlas na Maroko. Mai jan ratsi a gefe, wanda ake wa laƙabi da bakan gizo, ya fito ne daga kogunan da ke zuba a tekun Pasifik, tun daga yammacin Amurka ta Arewa har Kamchatka ta Rasha. Turawa ne suka yi ta yawo da ƙwansu cikin ƙanƙara a jiragen ruwa: an kai mai ruwan ƙasa Tasmaniya a 1864, an kai shi Amurka daga Jamus a 1883, sannan a 1905 Ewart Grogan ya shigo da tirawut Kenya, aka zuba shi a kogin Gura da ke duwatsun Aberdare. Yau ana kama shi a tsaunukan Lesoto da Afirka ta Kudu. Saboda haka matashin da karatu ko neman abinci ya kai ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe ba zai daɗe ba zai ci karo da masu wannan fatsa a bakin rafi, kuma hanya mafi sauƙi ta shiga cikinsu ita ce ƙugiya mai juyi da ake kira sifina.

Sifina guntuwar waya ce miƙaƙƙiya, ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. A kanta akwai ido inda ake ɗaura zare. Ƙasa da idon an rataya fallen ƙarfe mai siffar ganye, sai jiki na tagulla ko 'yan duwatsun ado masu ba ta nauyi, sai ƙugiya a ƙarshe, galibi mai baki uku. Idan aka ja ta cikin ruwa, ganyen yana kewaya wayar kamar farfela, yana walƙiya yana kaɗa ruwa. Wadda aka yi wa ado da gashin tsuntsu ko gashin wutsiyar kurege a kan ƙugiyar, ko aka maye gurbin ƙugiyar da ƙwaron ƙarya da aka ɗaura da zare, ita ce ta haɗa dabara biyu: ganye yana jawo hankalin kifi daga nesa, gashi yana ba shi abin cizo in ya matso. Mai karatu ya lura cewa masu fatsa da ƙwaron ƙarya zalla suna amfani da wannan suna ga wani abu dabam, wato ƙwaron ruwa mai fukafukai da ya balaga, wanda ke fita jingim da yamma kamar fitar gina bayan ruwan sama, ya saka ƙwai ya faɗa kan ruwa ya mutu. Suna ɗaya ne, amma sana'ar kowanne dabam.

Yaudarar kifi da ƙarfe tsohuwar dabara ce. A 1852 Julio Buel ya sami takardar mallakar fasaha a Amurka kan wata ƙugiyar yaudarar kifi ta ƙarfe. Sifina irin ta yau kuwa wani injiniya Bafaranshe, André Meulnart, shi ya ƙera ta a 1938, ita ce aka sani da Mepps. Ta shiga Amurka sosai ne ta hannun Todd Sheldon, mai shagon kayan su a garin Antigo na jihar Wiskonsin, wanda ya gwada ta a kogin Wolf a 1951 ranar da duk sauran kayansa suka ƙi ci. Kamfanin Mepps na ba da labarin cewa bayan wasu shekaru Sheldon ya haɗu da wani yaro a bakin wannan kogi, ya ga kifin yaron ya fi nasa girma, da ya duba sai ya tarar yaron ya ɗaura gashin wutsiyar kurege a kan ƙugiyar Mepps ɗinsa. Tun daga nan kamfanin ke sayen wutsiyar kurege daga hannun maharba. Abin lura a labarin shi ne yaron ido ya sa a kan abin da kifi ke so. Daga Italiya aka samu Panther Martin, wadda wayarta ta ratsa ta cikin ganyen kai tsaye, daga jihar Washinton kuma Rooster Tail ta Howard Worden mai dogon gashi a wutsiya.

Babu wani abu mai rai a rafi da ya yi kama da sifina sak. Abin da ke sa kifi ya kai mata hari shi ne motsi. Tirawut na da wani layi da ya bi gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, mai jin girgizar ruwa kamar yadda fatar mutum ke jin iska, don haka yana sanin zuwan sifina tun bai gan ta ba, ko da ruwa ya gurɓace. Walƙiyar ganyen tana kama da gefen ƙaramin kifi mai gudu, wani lokaci kuma fushi ne kawai da baƙon da ya shigo masa gurbi. Siffar ganyen ita ke faɗar inda sifina za ta bi. Mai faɗi yana buɗewa nesa da waya, kusan digiri 60, yana juyi ko a tafiyar hawainiya, yana kuma ɗago sifina sama, shi ya dace da ruwa marar zurfi ko mai sanyin gudu. Siriri mai tsawo yana manne wa waya, ruwa bai cika tura shi ba, don haka yana nutsewa kuma yana jure ƙarfin gudun ruwa.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma a nan ne matasa suka fi yin asarar kuɗi. Sanda marar nauyi mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙaramin manaɗin zare, zaren roba siriri mai ɗaukar kilo 2 zuwa 3, filaya, koma mai taushin raga, sun isa. Sifina lamba 0 da 1 da 2, masu nauyin giram biyu da rabi zuwa huɗu da rabi, guda shida ko takwas, sun wadatar da mai koyo shekara guda. Akwati cike da launuka arba'in yana ɗauke hankali daga kan ruwa zuwa kan akwatin, mai shi ya wuni yana kwancewa yana ɗaurawa.

Sanin ruwa shi ne gundarin sana'ar. Tirawut a rafi kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, domin daga can abinci ke zuwa. Lissafinsa guda ne: ya ci da yawa, ya kashe ƙarfi kaɗan, kuma mafaka ta kasance kusa. Ba ya zama a tsakiyar gudun ruwa inda zai gaji, ba ya kuma zama a mataccen ruwa inda babu abin da zai zo masa. Yana tsayawa ne a kan iyaka, inda ruwa mai sauri ke gogar mai laƙwasa, ya leƙa ya cafko ƙwaro ya koma. Ana gane wannan iyaka da ido, domin kumfa da busassun ganyaye suna jeruwa a kanta kamar an ja layi. Dutsen da ya tsaya a tsakiyar rafi yana da gurbi biyu: na bayansa wanda kowa ya sani, da na gabansa inda ruwa ke taruwa ya yi laushi kafin ya rabu biyu, wanda masu koyo ke tsallakewa. Gaɓar da ruwa ya zaizaye ƙarƙashinta a kan kwana, inda saiwoyin bishiya suka zubo, nan ne mazaunin babban mai ruwan ƙasa, kifin da ba ya son rana. Kan gurbi mai zurfi, inda farin ruwa ke zubowa, yana tara masu yunwa saboda iska da abinci. Wutsiyar gurbin kuma, inda ruwa ya yi sumul kafin ya sake gangarawa, kifi na sauka can da asuba da magariba, sai dai shi ne wurin da ya fi saurin firgita. Kyakkyawar ɗabi'a ita ce a zauna a gaɓa minti biyar kafin jifan farko, ana kallo kawai. A cikin wannan ɗan zama ake ganin zoben da bakin kifi ya yi a saman ruwa, ko wata inuwa mai launin tsakuwa da ta gusa ta dawo.

Tun da kifi inda ruwa ke gangarowa yake kallo, mai fatsa daga bayansa ya kamata ya zo, wato ya fara daga ƙasa yana hawa rafi. Tirawut na ganin abin da ke tsaye a gaɓa ta wata taga mai zagaye a saman ruwa, kuma mutum a tsaye da farar riga shi ne abu na farko da zai cika tagar. Sai a sa tufa mai duhu, a sunkuya, a hana inuwa faɗawa kan ruwa, a taka a hankali, don ƙarar tsakuwa ƙarƙashin takalmi tana tafiya nesa cikin ruwa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana, kuma babu kifin da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan.

Jifa ana yinsa ne sama da gurbin da ake zato, a ɗan karkace, sifina ta sauka kamar mita ɗaya ko biyu gaba da kifin, kada ta faɗo masa a ka. Kafin ta taɓa ruwa yatsa ya riga ya tare zare, da ta taɓa kuma an fara naɗowa, in ba haka ba ta nutse ta maƙale a dutse. Ɗan fizga guda da kan sanda yana tayar da ganyen. Daga nan hannu zai ji wani bugu ƙanana a jere yana zuwa ta cikin zare, dif dif dif, kamar bugun zuciyar tsuntsu a tafin hannu. Wannan bugu shi ne shaidar ganye na juyi. In ya ɓace, ko ganyen ya tsaya ko ciyawa ta naɗe shi, kuma sifinar da ba ta juyi guntun ƙarfe ce kawai. Gudun da ya dace shi ne mafi ƙanƙanta da zai riƙe bugun. Idan ruwa na turo ta zuwa ga mai fatsa dole ya naɗa da ɗan sauri fiye da ruwan. Idan an jefa ta a gicciye ta fara lilo zuwa ƙasa, ruwan da kansa ke juya ganyen, hannu ya sassauta, wani lokaci ma ya tsaya cak. A ƙarshen wannan lilo, inda sifina ke juyowa ta ɗago, nan hari ya fi yawa, don haka kada a yi gaggawar tsame ta. A gurbi mai zurfi ko tafki ana ƙirga daƙiƙu bayan ta faɗa, uku a jifan farko, biyar a na biyu, har a gano zurfin da kifi yake.

Sifina ba ta son naci a wuri guda. Kifin da zai ci yakan ci a jifa na farko ko na biyu, bayan na huɗu kuwa ya gane. Gara a ci gaba, a bar gurbin ya huta rabin sa'a. Sau da yawa za a ga kifi ya biyo ta har kusa da ƙafa, ya juya. A irin wannan hali kuskure ne a rage gudu, domin ƙaramin kifi mai tsoro ba ya tsayawa jiran mai binsa. A ɗan ƙara sauri, in bai yi ba a sauya zuwa ƙaramar lamba. Maganar launi kuwa masunta ba su taɓa haɗuwa a kanta ba, wani ya rantse da ruwan azurfa, wani da ruwan zinariya. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne ruwa garau da rana tsaka suna son ƙaramar sifina mai duhu, ruwan da ya ɗan gurɓace bayan ruwan sama kuma yana ɗaukar babba mai haske.

Matsala biyu ba sa rabuwa da wannan ƙugiya. Ta farko murɗewar zare, domin wani lokaci jikin ma na bin ganye yana juyawa. Maganinta ɗan mahaɗi mai juyi da ake sawa kamar kamu biyu sama da sifina, in kuma zare ya riga ya murɗe sai a cire komai a sake shi ya bi ruwa ya warware. Ta biyu maƙalewa. Wanda bai taɓa rasa sifina a dutse ba, bai kai ta inda kifi yake ba. In ta maƙale, a koma ta ɗaya ɓangaren a ja a hankali, in zare ya tsinke a tattara abin da hannu ya kai, saboda yana sarƙe ƙafar tsuntsaye. Sifina mai ƙwaron ƙarya takan yi rashin nauyi har ta ƙi jifuwa, sai a matsa ɗan nauyi a zare sama da ita. A nan a guji dalma. Ingila ta hana ƙananan nauyin dalma na fatsa tun 1987, bayan an gano suna kashe manyan agwagin ruwa masu haɗiye su tare da tsakuwa.

Harin tirawut ba ya buƙatar tambaya, sanda ce za ta lanƙwashe. Ɗaga ta kawai ya isa, fizgar ƙarfi tana yaga baki. Birkin manaɗi ya zama a sassauce yadda kifi zai iya jan zare in ya zabura, musamman bakan gizo mai tsalle sama yana girgiza kai. Amma kada a ja faɗan ya yi tsawo don jin daɗi, kifin da aka gajiyar matuƙa yakan mutu ko an sake shi.

Doka tana gaba da jifan farko. A Ingila da Wales duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisi, kodayake kyauta ne ga 'yan 13 zuwa 16, kuma lasisin bai maye gurbin izinin mai ruwan ba. A Amurka kowace jiha da nata lasisi da adadin da aka yarda a ɗauka. Akwai koguna da aka keɓe wa ƙwaron ƙarya zalla, inda jefa sifina laifi ne ko da an yi mata gashi, akwai kuma inda aka hana ƙugiya mai baki uku. Baƙo ya karanta ƙa'idar ruwan da zai je, ya kuma tambayi mutanen wurin.

Ga wanda ya tashi inda su neman abinci ne, kama kifi a mayar da shi ruwa abin mamaki ne. Hujjar ita ce ƙaramin rafin dutse ba ya ɗaukar kifi da yawa, kuma tirawut na shekara biyu zuwa huɗu kafin ya fara haihuwa, don haka masu fatsa goma za su iya share shi a wata guda. Wanda zai ci, inda doka ta yarda, ya ɗauki abin da zai ci, ya buge shi a ka nan take kada ya bar shi yana shure-shure a kan tsakuwa, ya fede shi ya sa a sanyi. Wanda zai saki kuwa ya sake shi da rai na gaskiya. Kifin da sifina ta kama galibi a leɓe take kama shi, ba kamar mai haɗiye tana har ciki ba, amma baki uku na iya shiga ido ko gaɓoɓin numfashi. Maye gurbin mai baki uku da ƙugiya mai baki ɗaya, da danne ƙayar bayan tsininta da filaya, aikin minti biyu ne mai ceton kifi da yawa, ya kuma sauƙaƙa cire ta ranar da ta shiga yatsan mai ita. A jiƙa hannu kafin a taɓa kifin, domin yauƙin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. A cire ƙugiya yana cikin koma cikin ruwa. A wani gwaji da Ferguson da Tufts suka wallafa a Kanada a 1992, bakan gizon da aka gajiyar aka bar shi cikin ruwa kashi 88 cikin ɗari sun rayu, wanda aka ɗaga a iska daƙiƙa 30 kashi 62, wanda ya yi minti ɗaya kuwa kashi 28 kacal. Matashin da ke neman hoto mai kyau na waya ya riƙe wannan lissafi a ransa. Bayan an cire, a tallafe shi kansa na fuskantar ruwa har sai ya fizge da kansa.

Akwai lokutan da barin sandar a gida ya fi. In zafin ruwa ya kai digiri 20, kifin da aka saki da wuya ya farfaɗo, shi ya sa ƙaramin ma'aunin zafi ya fi sifina ta goma amfani a aljihu. Jihar Montana takan rufe fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare a kogin da zafinsa ya kai kimanin digiri 23 kwana uku a jere. Haka lokacin haihuwa: mai ruwan ƙasa daga Oktoba zuwa Disamba a arewacin duniya, bakan gizo kuma bayan sanyi ya wuce. Macen takan share tsakuwa da wutsiya ta binne ƙwai, sai wurin ya yi fes ya fi kewayensa haske. Taku ɗaya a kan wannan fili na murƙushe ɗaruruwan ƙwai.

Shi ma mai fatsa ruwan sanyi ba ya masa wasa. Dogon wandon roba mai kai ƙirji sai da ɗamara a ƙugu, in ba haka ba ya cika da ruwa in aka zame. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ya isa ya kayar da ƙato, kogin da ke ƙasan madatsa kuma yana iya tasowa cikin 'yan mintuna in aka buɗe ƙofa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yana nuna ƙasan rafi, yana kuma tare ƙugiyar da ta kuɓuce ta dawo fuska. Da an ji tsawa a ajiye sanda, don irin na zamani suna ɗaukar lantarki.

Kaya ma suna ɗaukar cuta daga kogi zuwa kogi. A 1994 aka tabbatar da cutar da ke sa 'ya'yan tirawut hajijiya a kogin Madison na Montana, bakan gizon kogin ya ragu ƙwarai, kuma ƙwayar cutar tana iya tafiya cikin lakar da ta manne a takalmi. A 2004 wata gansakuka mai yauƙi da ake kira didimo ta ɓulla a kudancin Niyu Zilan tana shimfiɗe ƙasan koguna, har ƙasar ta hana masu fatsa sa takalmi mai tafin matsattsen ulu a 2008. Don haka kafin a sauya ruwa a duba takalmi da koma, a wanke, a bari su bushe sarai. Ɗaukar kifi mai rai daga wani ruwa zuwa wani kuwa ya fi haka muni. Mai ruwan ƙasa da bakan gizo duka suna cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta fitar, domin a Niyu Zilan da yankin Kef na Afirka ta Kudu sun cinye ƙananan kifayen asali a rafuka da dama, har wasu suka rage sai a saman gangaren ruwan da tirawut bai iya hawa ba.